Ɗan Kwali da Autar Mai Gyara

Ranar da Auta ta fara ganinsa, da wata ƙatuwar jakar goyo ya faɗo shagon Baba, yana haki kamar wanda aka biyo. Ita tana can lungun da ta saba zama, tana ware notuna cikin murafen kwalba. Aikinta ke nan tun da ta gama sakandare: ta share shago, ta manna takarda a jikin rediyo ko fankar da aka kawo gyara, sauran lokacin kuma ta yi ta kallon mutane ta ƙasan ido.

"Salamu alaikum, Baba. Don Allah a taimaka, nan da awa biyu zan hau jirgi, kuma abin nan ya ƙi caji."

Ya miƙa wani ɗan abu mai kama da sabulun wanka. Baba ya juya shi gaba da baya.

"Shi kuma wannan me yake yi?"

"Tafinta ne, Baba. Ka yi masa magana da yarenka, ya juya ta zuwa wani yaren."

"Amma bai iya faɗin abin da ke damunsa ba?"

Auta ta danne dariya. Baba ya ɗauki allura, ya zura a ramin cajin, ya zaƙulo wani dunƙulen datti. Da ya jona shi da igiyar shago, nan take fitilar abin ta kawo.

"Kai! Shi ke nan? Wallahi da har zan jefar in sayi wani."

Baba ya dube shi ta saman tabarau.

Wajen neman igiyar caji saurayin ya zazzage jakarsa a kan tebur. Waya uku, agogo biyu, wata tocila kamar biro, da wani siririn allo mai baƙin bango. A kan allon nan idon Auta ya tsaya. Shi kuma ya lura.

"Allon karatu ne. Littattafai sun fi ɗari uku a ciki."

"A wannan ɗan abin?"

Bakinta ne ya suɓuce. Ta yi maza ta sunkuyar da kai.

Ya yi murmushi. Ya ce aikinsa haɗa na'urorin intanet a ofisoshi, yau yana wannan gari gobe yana wancan, kuma duk sabon abin da ya fito sai ya taɓa shi hankalinsa yake kwanciya. "Baba, in ka yarda ta riƙe shi har in dawo. Ina son jin ra'ayin wanda bai taɓa amfani da irinsa ba."

Baba ya ɗaga kafaɗa. Da saurayin ya fita ya ce, "Wannan ai ɗan kwali ne. Komai nasa yau aka ɓare shi." Sunan da ya bi shi ke nan.

A kwana na biyu Auta ta gano cewa in ta danna yatsa a kan layi, allon yana ba ta wurin rubutu. Ita kuwa dama cikinta cike yake da tambayoyin da kunya ba ta barin su fito. Littafin da ta fara na wani matuƙin jirgin ruwa ne da ya ɓata a teku. Ta rubuta a gefe:

"In ruwa ya kewaye mutum ta ko'ina, ta yaya yake sanin gabas?"

Washegari da hantsi ta buɗe, sai ga wani rubutu a ƙarƙashin nata:

"Da rana da taurari. Ni kuwa ko a filin jirgi ɓata nake yi. Ci gaba da tambaya, ina jin daɗinsu."

Saura kaɗan ta saki allon a ƙasa. Da gudu ta shiga gida wajen Yayarta.

"Yaya, abin nan yana ba da amsa!"

Yaya ta karɓa ta karanta, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ke dai Auta baƙauya ce. Ai haɗe yake da wayarsa, duk abin da kika rubuta yana gani. Me da me kika rubuta?"

Auta ta tuna cewa jiya ta rubuta, "Mai allon nan yana da yawan magana, amma idonsa na da kirki." Ta kifa fuska a filo, ta ce ita ta mutu.

Kwana uku ba ta taɓa allon ba. A na huɗu son sani ya fi ƙarfin kunya. Ta tarar ya rubuta:

"Maganar yawan surutu gaskiya ce, Ummata ma haka take cewa. Ɗayar kuma na gode. Ina kika shiga, Shiru-shiru?"

Daga nan hira ta ɓalle a gefen shafi. Ta tambaye shi ko gajimare yana da taushi in jirgi ya ratsa shi. Ya ba ta labarin otal ɗin da labulensa ke buɗe kansa, da yadda ya yi ta yi wa fitilar ɗaki tsawa ta mutu, ashe tafi ake yi mata. Wata guda aka yi kafin ta yarda ta ba shi lambar wayarta, amma ko bayan nan, manyan maganganun a allon suke yin su. A can ya fara rubuta mata, "Shiru-shiru, na fara ƙirga kwanakin tafiya da baya, saura nawa in dawo." A can ita ma ta amsa, "Ni ma ina ƙirgawa."

Duk dawowar da zai yi sai ya zo shago da sabon abu. Ya zo da kofin da ba ya barin shayi ya huce. Baba ya ce, "Mu shanyewa muke yi." Ya zo da wani faifai mai share ɗaki da kansa, faifan ya haɗiye notuna bakwai ya shaƙe, Baba ya kwance shi ya ciro abinsa. Abin da Baba ya fi lura da shi kuwa, wayar hannun yaron. Ba ta taɓa zuwa sau uku iri ɗaya ba.

Ranar da Umman Auta ta gaya wa Baba cewa Ɗan Kwali da gaske yake, ya ajiye sukudireba ya kira Auta.

"Yaron nan ba shi da mugun hali, na sani. Amma shekara talatin ina zaune a shagon nan, na san mutane ta kayansu. Akwai mai kawo rediyo sau goma a gyara, akwai mai yar da ita ranar da ta fara shaƙewa. Wata biyar, waya huɗu na ƙirga masa. Ranar da kika daina zama sabuwa fa?"

Auta ta sunkuya ta ci gaba da ware notuna.

Wanda Baba yake so shi ne Mai Kemis na tsallaken titi. Shekara goma sha ɗaya yana hawa babur ɗaya, kuma kullum ƙarfe bakwai ya buɗe ƙofa. Kyautar da ya taɓa kawo wa Auta kwalbar maganin ƙarin jini ce, wai ya ga idonta ya yi fari. Yaya ta ce, "Ki aure shi mana, ko ba komai ba za ki yi mura ba."

Ana cikin haka abin ya faru. Wata safiya, Ɗan Kwali yana can wani gari, Auta ta buɗe allo don ta ga amsar tambayar jiya. Babu littafi ko ɗaya. Fari fat, sai rubutun maraba irin na sabon kaya. Ta kashe ta kunna, ta sake kashewa. Sai ga saƙo a waya:

"Shiru-shiru, albishirinki! Na samo miki sabon allo a filin jirgi, ya fi wancan haske, ko a ruwa ya faɗa ba abin da zai same shi. Tsohon na riga na goge shi daga nan, ki ajiye shi gefe."

Ta daɗe tana kallon saƙon, sannan ta rubuta kalma biyu:

"Rubutunmu fa?"

Minti goma shiru. Sai ga amsa:

"Innalillahi. Auta, tsaya, ina zuwa."

Ashe haka ya saba. Duk sanda sabon abu ya shigo hannunsa, kafin ma ya yar da kwalin yake share tsohon tas, don kada bayanansa su faɗa hannun wani. Hannunsa ya riga tunaninsa. Hirar wata biyar ta tafi da dannawa ɗaya.

Auta ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta naɗe allon a ɗankwali ta sa a ƙasan akwati. Ya kira ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo:

"Na kira kamfanin, na gwada duk dabarar da na sani. Ba zai dawo ba. Laifina ne ni kaɗai. Don Allah ki ce wani abu, ko zagi ne."

Ta amsa sau ɗaya:

"Baba ya tambaye ni wata tambaya, na rasa amsa. Yau ka ba ni."

Baba bai ce ai na faɗa miki ba, kuma shirun nasa ya fi mata ciwo. Mai Kemis kuwa ya ji ƙishin-ƙishin, ya fara tsallako titi sau biyu a rana yana tambayar lafiyar gwiwar Baba, har ya fara maganar turo manyansa.

Kwana goma sha biyu bayan nan, da la'asar, Ɗan Kwali ya yi sallama. Babu jaka a bayansa. Littafin rubutu ne a hannunsa irin na 'yan makaranta, da biro ɗaya.

"Yau me aka ɓare?" in ji Baba.

"Ba komai, Baba. Ɓarna na yi, na zo gyara."

"To, in tambaye ka. Faɗa min abu ɗaya da ka riƙe shekara biyar."

Ɗan Kwali ya fara lissafi da yatsunsa. Auta tana lungu tana addu'ar ya samo ko da cokali ne.

"Babu, Baba," ya ce a hankali. "Ban taɓa samun abin da na ji tsoron rasawa ba sai yanzu." Ya juya wajen lungun. "Auta, na ɗauki hutun sati uku, na ba abokin aikina tafiyar da ke gabana. Na san ke ba kya mantuwa. Ki faɗa, ni in rubuta. Wannan ba shi da wurin dannawa."

Auta ta ji muryarta ta fito, a gaban Baba kuwa.

"Saƙonnin sun fi ɗari biyu."

"Na sayo biro uku, biyu suna aljihu."

Baba ya ja tsaki, amma da ƙafarsa ya turo masa benci.

Haka aka fara. Kullum bayan la'asar yana kan benci, littafi a gwiwa. Rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan takarda, rabonsa da biro tun makaranta. A kwana na uku yatsansa ya yi kanta. Kuma ba su rabuwa da gardama.

"Cewa na yi ina kewarki."

"A'a. Cewa ka yi abincin otal ɗin ba gishiri, sannan ka ce kana kewata."

"To ba sai a cire maganar gishirin ba?"

"Rubuta yadda aka yi."

Baba yana can yana liƙa dalma kamar ba ya ji. Sai a sati na biyu, suna kan tambayoyin littafin matuƙin nan, ya ɗago kai. "Wai shi mutumin, ya ga ƙasa kuwa daga ƙarshe?"

Wata rana ruwan sama ya tsuge, titi ya cika. Baba ya ce yau dai yaron ba zai zo ba. Bai rufe baki ba sai ga shi jiƙe sharkaf, littafin a cikin riga, ya naɗe shi da leda uku. Mai Kemis yana hangowa daga tsallake. Tun daga ranar ya rage tambayar gwiwa.

Ranar da hutun ya ƙare, sun kai ɗari da tamanin da shida. Sauran Auta ta ce ta manta. Yaya dai ta rantse ƙarya take yi, don ya ci gaba da zuwa ne.

Baba ya karɓi littafin, ya buɗe shafin farko da na ƙarshe, ya ga yadda rubutun ya miƙe a hankali. Ya dubi 'yarsa.

"Auta, ke nake tambaya. Kina son sa?"

Ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. "Eh, Baba."

"To. Har gobe ban yarda da wayoyinsa ba. Amma na ga ya ɓata abu, bai gudu ya sayo wani ba, ya zauna a kai. Kai kuma, ka gaya wa iyayenka ina jiran su."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da safiyar ranar saƙonsa ya shigo:

"Shiru-shiruna, yau ba ni da labarin wani gari. Duk inda za a tura ni daga yanzu, wajenki zan dawo."

Ta amsa, "Allah ya sa. Kuma ka zo da wuri, kar ka ɓata a hanya."

Da za a tafi da amarya, Umma da Yaya suna ta sharar hawaye, Baba ya riƙo hannun angon a bakin ƙofa.

"Ɗan Kwali, saurara. Wannan guda ɗaya aka yi ta, babu sabuwar fitowa. In kun samu matsala, ku zo a zauna a gyara."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna, ya sa ku tsufa tare."

Duk aka amsa da amin. Ta Auta a hankali ta fito daga ƙarƙashin mayafi, amma angon ya ji ta.