Motar da Ta Yi wa Inna Laushi

Ana yayyafi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa wata jif ta faɗa kwazazzabo a hanyar bayan duwatsu. Tsohuwar da ke ciki ta cika nan take, direba kuma an kwashe shi zuwa asibiti da karyayyiyar ƙafa.

Sufeto ya ture shayin da ko kurɓa bai yi ba, ya kira Saje. Shi Sufeton nan mutum ne mai ciwon baya da ƙarancin magana, motar ofishin kuwa ba ta san tausayi ba. Duk ramin da ta faɗa sai ta isar masa da saƙon har cikin ƙashi, shi kuma ya ja tsaki.

Sun tarar da motar tayoyi a sama. Irin jif ɗin nan ce da ake ɗaga wa ƙafa a sa mata manyan tayoyi don shiga gargada da tsallake rafi, wadda sai mutum ya taka matakala kafin ya hau. Takalmin tsohuwar guda ɗaya yana cikin taɓo, kusa da ɗan matashin da take tokare baya da shi.

Saje ko dubawa bai gama ba ya yanke hukunci. Gudu ne, in ji shi. Ga kwana, ga doguwar mota, ga direba mai zafin ƙafa, me kuma ake nema?

Sufeto ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ciki, ya ga sandar giyar motar tana kan ta biyu, sannan ya hau kan hanya ya bi sawun tayoyin a hankali. Babu alamar taka birki. Sawun ya shiga kwanar daidai, sai na gefe ɗaya ya ɓace, kamar motar ta ɗaga ƙafa biyu ta kwanta don kanta.

"Saje, ka taɓa ganin an yi gudun mutuwa da giya ta biyu?"

"Wataƙila faɗuwar ce ta ture ta, ranka ya daɗe."

"Wataƙila," in ji Sufeto. Amma da ganin fuskarsa ka san bai haɗiye ba.

Washegari mai motar ya zo ofis tare da yayyensa. Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakin marigayiyar, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Idanunsa sun yi jawur. Ya ce Innarsu ta ƙi barin gidan gonar da mijinta ya bar mata, shi ya sa ya sa aka ɗaga motar, don ita kaɗai ce ke iya kaiwa can a damina. Ranar ma asibiti za a kai ta, wurin likitan baya. Ya ce ya sha yi wa direban nan faɗa a kan gudu, kuma ba zai yafe ba sai ya gan shi a gidan yari.

Yayyen suka ce haka ne, a bi musu haƙƙin uwarsu. Sufeto dai yana rubutu, idonsa yana kan hannun Auta na dama, inda gaɓoɓin yatsun suka ɗaye suka yi ɓawon ciwo. Da ya tambaya, Auta ya ce ƙofa ce ta datse shi, ya tura hannun cikin aljihu.

Bayan sun fita, shugaban ofis ya leƙo ya ce da zarar direban ya iya tsayuwa a kai shi kotu, laifin kisa ta hanyar ganganci. Shekaru ne masu yawa ke jiran mutumin, ga shi da iyali.

A asibiti Sufeto ya sami matar direban zaune a ƙasa bakin ƙofa, da kwanon abinci a rufe a kan cinyarta. Ta gaishe shi ba ta ɗago kai ba. A ciki, direban yana kwance, ƙafa a ɗaure cikin filasta, hannu ɗaya a ɗaure da ankwa jikin gado. Dattijo ne wanda ya tsufa a hidimar gidan.

Sufeto ko zama bai yi ba mutumin ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Gudu na yi."

Kai, tunda Sufeto ya sa kaki bai taɓa ganin laifin da aka amsa da arha haka ba. Ruwa ba ya tsami banza.

"Da wace giya ka shiga kwanar?"

"Ta huɗu."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna, ya bar zancen gudu. Ya tambaye shi yadda suke da tsohuwar. Nan bakin dattijon ya buɗe. Ya ce ita ta aura masa matar da ke waje, kuma duk tafiyar da za su yi a motar nan kuka take yi a ɓoye saboda girgiza, ta ciji bakin mayafinta don kada Auta ya ji labari. Amma Auta ya sani.

"To ranar fa, ta yi kukan?"

"Ina! Dariya ma ta yi." Hawaye suka zubo masa. "Cewa ta yi, yau kam ban ji bayana ba, motar nan ta koma katifa, Allah ya yi wa Auta albarka. Ba ta rufe baki ba muka shiga kwanar."

"Me ya mai da ita katifa?"

Direban ya ankara ya yi suɓul da baka. Ya juya fuska bango, ya ce shi dai gudu ya yi, a rubuta haka.

An jawo motar zuwa harabar ofis, Sufeto ya sa aka zo da makaniken da ya ɗaga ta, wani ƙaton mutum mai gareji a bakin gari wanda aikin ƙafar mota kawai yake yi. Tun daga ƙofa ya fara rantsuwa cewa aikinsa ba ya da aibu, kuma shi da Auta ko musu ba su taɓa yi ba. Sufeto ya ce ba rantsuwa aka kira shi ya yi ba, ya shiga ƙarƙashi ya duba.

Ya shiga yana surutu. Can sai aka ji shiru. Da ya fito, rantsuwar nan ta ƙare.

Ya ce shi yana da wata al'ada a aikinsa: duk notin da ya ɗaure sai ya ja masa layin fenti ruwan ɗorawa daga kan noti zuwa jikin ƙarfe, don in ya kwance a gani. Ya nuna wa Sufeto layukan a kan sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, suna nan daram. Amma notukan shokabsoba, wato ƙarfen da ke shanye girgiza, layinsu ya karye, shokokin ma ba nasa ba ne. Nasa dogaye ne masu tauri. Waɗannan na ƙaramar mota ne, masu laushi, an tilasta su ne suka zauna.

Sannan ya nuna wani gurbi a gaba, inda ramukan ƙusa suka rage fayau. Ya ce nan sandar hana tangaɗi take, wadda ke haɗa ƙafar dama da ta hagu. Babu ita.

"In an cire ta fa?"

"Mota ta yi laushi kamar me, ranka ya daɗe. Amma motar da aka ɗaga nauyinta yana sama. In ta shiga kwana ba abin da zai riƙe ta, ko tafiyar hawainiya take yi kwanciya za ta yi."

"Wa ya taɓa neman ka cire ta?"

Makaniken ya share gumi. Ya amsa cewa ƙarya ya yi ɗazu, tsoron a jawo shi cikin magana ne. Auta ya zo ya roƙe shi ya sassauta ƙafar saboda Inna, har da hawaye. Shi kuma ya ƙi, ya ce laushin da ba ya kisa sai an haɗa sifirin da shokar da suka dace da tsayin motar, a rage iskar taya, kuma sai an jira an kawo kayan daga nesa. Auta ya ce ranar ganin likita ta matso, bayan uwarsa ba zai jira ba. Suka rabu baram-baram.

Daga nan Sufeto da Saje suka bi layin masu sayar da kayan ƙafa shago-shago, har suka sami mai irin shokar. Mai shagon ya ce shi jama'a yake sayar wa, ba ya riƙe fuska. Sufeto ya ajiye masa lanƙwasasshiyar shokar a kan kanta, ya ce tsohuwa ce ta mutu a kanta.

Mai shagon ya dubi shokar. Ya ce ya tuna wani mai furfura a gemu da ya zo ya dinga danna shokoki a ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda ta fi laushi, yana tambaya ko mai ciwon baya za ta ji daɗinta. Ya gaya masa ba ta doguwar mota ba ce, mutumin ya ce ya sani. Da Sufeto ya matsa wa mai shagon, ya ƙara da cewa a cikin hira shi ne ya ce wasu ma sukan cire sandar gaba ɗaya. Ya rantse bai zaci zai aikata ba.

A hanya Saje ya girgiza kai ya ce garin neman gira an rasa ido. Ran Sufeto ya yi baƙi ƙirin, don ya fi son kama mugu a kan mai kuskure.

Gidan Auta cike yake da masu ta'aziyya, an ja tamfol a tsakar gida saboda ruwan sama. Sufeto ya yi gaisuwa ya zauna a gefe. Iska ta taso ta ɗaga bakin tamfol ɗin, sai ya ga abin da aka danne shi da shi: wata doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasa a kowane gefe, da layin fenti ruwan ɗorawa a bakinta.

Ya tambayi babbar yayarsu inda aka samo ƙarfen. Ta ce ita ta jawo shi daga bayan sito, cikin tarkacen Auta, ko akwai matsala?

Sufeto ya ce babu, ya nemi ganin Auta su kaɗai. Suka shiga ɗakin da Inna kan sauka in ta zo gari. Gadonta yana nan a gyare, da kwalbar man shafawar baya a kan taga. Saje ya shigo da sandar ya jingine ta a bango.

Auta ya dubi sandar, ya zauna a bakin gadon.

"Ba ƙofa ce ta datse ka ba," in ji Sufeto.

"Sifanar kwance noti ce ta zame."

"Kai kaɗai ka yi aikin?"

"Ni kaɗai. Na aiki direba wani wuri, na ɗaga ta da jak na kwanta a ƙarƙashi. Da na gama na danna ta, na ga tana lilo, wallahi murna na yi. Na ce gobe Inna ba za ta ciji mayafi ba."

Ya faɗi sauran ba tare da an tambaye shi ba. Ya je asibiti kafin 'yan sanda, ya durƙusa a gaban dattijon ya roƙe shi ya ce gudu ne, don in yayyensa suka ji, har ya mutu sunansa wanda ya kashe uwarsa. Ya yi masa alkawarin abin ba zai wuce gargaɗi ba. Da yayyen suka taso da zancen gidan yari kuma, sai ya ga in bai fi kowa ɗaga murya ba za a gane shi.

"Na farkon kuskure ne, kotu za ta auna shi," in ji Sufeto. "Na biyun fa? Mutumin da ya goya ka a mota tun kana yaro, ka bar shi da ankwa a gadon asibiti, matarsa tana zaune a ƙasa."

A bakin ƙofa babbar yayar tana tsaye, ta ji komai. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta dai matsa gefe ta ba su hanya, ta ƙi kallonsa.

Sufeto ya miƙa wa Saje makulli ya ce ya wuce asibiti ya kwance dattijon, ankwar ta yi kuskuren hannu. Shi kuma ya sa wa Auta tasa ankwar, ya rufe ta da hannun riga, suka ratsa masu ta'aziyya suka fita.

Suna cikin motar ofis, ruwa yana dukan gilashi, Auta ya yi magana can ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai abin da bai iya tambayar direban ba.

"Ta ce wani abu kafin su faɗi?"

Sufeto ya so ya ce bai sani ba.

"Ta ce ba ta ji bayanta ba. Ta yi dariya, ta sa maka albarka."

Auta ya kifa fuska a kan ankwar, kafaɗunsa suna rawa. Motar ta faɗa wani rami har sai da haƙoransu suka haɗu, zafin ya ratsa bayan Sufeto, amma wannan karon bai ja tsaki ba.