Mai Kitson Kwarin Maje

"Ranar Litinin, tara ga watan Agusta, 1982, gari ya waye da yayyafi. Rana ba ta fito ba har azahar. A ranar na sauka a Kwarin Maje."

Haka Yaya Hansatu ta fara. Ma'aikaciyar jinya ce, ta saba sa kwanan wata kafin komai. 'Yar kawuna ce, amma mahaifiyata, Gwaggonta Balaraba, ita ta rene ta tun tana rarrafe. Ba ta da yawan magana, kuma ba mu taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba.

A daren muna tsakar gida bayan isha, an ɗauke wuta. Ƙanwata Zulai ta zauna gaban wata baƙuwar maƙwabta za a kama mata kai. Yaya ta ce, "Tashi."

"Yaya, kitso ne fa kawai."

"Kin san ta? Kin ga fuskarta? Na ce tashi."

Baƙuwar ta yi tsaki ta fita. Yaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rage murya. Ga abin da ta faɗa.

*

An tura ni ɗakin shan magani na ƙauyen, ni kaɗai. Gwaggo ba ta so tafiyar ba. Muka yi cacar baki, na ce mata, "Ai ba ke kika haife ni ba." Da wannan maganar na bar gida.

Mutanen garin ba su so ni ba. Suna da ungozomarsu, Iya Kande, ita ke karɓar haihuwa, ita ke wankan gawar mata. In na gaishe su a bakin rijiya sai su dubi guga. 'Yar boko suke ce mini. Ɗakina na bayan asibitin, nesa da gidaje, sai gonar dawa ta kewaye shi. Nakan yi kwana uku ban yi magana da kowa ba.

A makon farko na rubuta wa Gwaggo wasiƙar ban haƙuri. Na sa a ambulan, na rubuta adireshi, na manna kan sarki. Girman kai ya hana ni aikawa. Na tura ta ƙarƙashin akwati.

Wata Alhamis bayan magariba na zauna a bakin ƙofa ina tsefe kaina. Hannuna ya gaji. Sai na ji murya a bayana.

"Kawo in taya ki."

Ba ta yi sallama ba. Na lura da haka, na kuma share. Wata shida ke nan a zuciyata, ko da yake mako uku ne a kalanda, ba wanda ya taɓa ni. Ta zauna kan turmi a bayana, ni ina ƙasa tsakanin ƙafafunta. Kun san zaman kitso. Ba ka ganin mai yi maka. Hannunta sanyi, amma da taushi.

Ta miƙo goro ta kan kafaɗata. "Mu ƙulla ƙawance."

Na fasa, na ci rabi, na mayar mata rabi.

Ta ce, "Ni ba na kitso haka kawai. Kowane layi da sunan mutum. Faɗa mini naki."

Na yi dariya, na shiga lissafi. Gwaggo, babana, ƙannena, ƙawayen makaranta. Sha biyu. Ta yi layi sha biyu. Kitson ya yi kyau ƙwarai. Gashin da ya zube a mataji ta tattare ta ƙulle a bakin zanenta. A gidanmu binnewa ake yi. Na ƙyale ta.

Duk Alhamis sai ta zo. Na fara jiran Alhamis tun daga Asabar. Ina dafa mata shayi, ba ta sha. In na yi yunƙurin juyowa sai ta danne kaina. "Za ki ɓata tsaga."

Mako na biyu na lissafa sha ɗaya. Na san akwai saura, na kasa tunowa.

Ta ce, "Wanda ya ɓace bai damu da ke ba ne. Sunkuya."

Mako na gaba tara. Sai bakwai. Ba na jin zafin rashin. Kamar an share allo ne. Akwai hoton 'yan ajinmu a bango, na tsaya gabansa ina kallon baƙin fuskoki.

Ta fara tsananta. Wata rana wani malamin firamare ya kawo matarsa da zazzaɓi, muka ɗan yi hira da matar. Da Alhamis ta zo ta ja gashina har hawaye ya fito.

"Wa kika yi wa dariya ran Talata?"

"Mara lafiya ce."

"Lokacin da kike kuka a ɗakin nan, tana ina? Wa ya zo? Faɗi."

"Ke ce."

"Ni kaɗai."

Na ba ta haƙuri. Ku ji da kyau, ni na ba ta haƙuri. Tsoron da nake ji ba na ta ba ne. Tsoron kada ta daina zuwa ne.

*

Zulai ta ce a hankali, "Yaya, ba ki gudu ba?"

"In gudu wurin wa? Rufe baki ki saurara."

*

Ranar wata Laraba aka kira ni gidan wata mai naƙuda da ta galabaita. Iya Kande na can, ba ta ko amsa gaisuwata ba. Ina durƙushe ina aiki ɗankwalina ya zame. Tsohuwar ta tsaya cak. Bayan an yanke cibi ta jawo ni zaure.

"Ke 'yar boko. Wa ke miki kitso?"

"Ƙawata."

"Ba ki da ƙawa a garin nan. Ni na hana."

Ta fizge ɗankwalin, ta ƙirga da yatsa. "Huɗu. Duk an zubo su baya. Da nawa aka fara?"

"Sha biyu."

Ta goge hannunta a zane kamar ta taɓa ƙazanta. "Duk bokonki ba a koya miki ba? Layi uku muke yi wa gawar mace in mun gama mata wanka. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, mu zuba su baya, mu naɗe ta. Saura ɗaya a gama shirya ki."

Na ce, "Iya, me zan yi?"

"Ni na kawo ki? Ba na son ki, amma ba na son in wanke ki. Ta riƙe ki ta gashi. Ki san abin yi."

Washegari Alhamis. Da akwai motar kasuwa da safe. Ban shiga ba. Wannan shi ne abin da nake jin kunyarsa har yau. Na ce a raina tsohuwar baƙin ciki take yi. Na share bakin ƙofa, na ajiye turmi, na dafa shayi. Amma na ɗauko sabuwar reza daga cikin kayan yankan cibi, na ɓoye a ƙugu.

An yi ruwa da la'asar, ko'ina caɓi. Ta zo. Na zauna. A karo na farko na jawo fitila kusa, na dubi ƙasa.

Ƙafafunta na gefena, ɗaya nan, ɗaya nan. Babu ɗigon laka a jikinsu. Na dubi yatsun. Babban yatsa na wannan yana ɓangare ɗaya da na waccan. Duka biyun ƙafar hagu ce.

Ta tsefe kan, ta ce, "Lissafa."

Na faɗi babana. Na faɗi ƙannena biyu. Na buɗe baki in faɗi na huɗu. Babu. Na san akwai wata mace, na san na yi mata laifi, amma ba suna, ba fuska.

"Uku," in ji ta. Muryar ta yi daɗi kamar ta mai lallashin jariri. "Sun isa."

Ta gama na dama. Ta gama na hagu. Ta kama na tsakiya. Jikina ya fara sanyi daga ƙafa, barci mai daɗi yana jana. Na ce a'uzu billahi a zuci, na zaro rezar, na kai hannu ƙeya na yanke gashin da ke hannunta.

Hannunta ya tsaya.

"Hansatu." Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Ni za ki yi wa haka? Wa kike da shi?"

Na rarrafa cikin ɗaki na sa sakata. Na zauna a ƙasa na aske kaina tas, ina yanka fata, jini na bin wuyana. Tana bakin ƙofa. Ba ta buga ba. Magana kawai take yi, ƙasa-ƙasa.

"Ba mai nemanki. Wata biyu, wa ya aiko? Buɗe in ƙarasa miki. Kai ba ya zama rabi."

Sau biyu hannuna ya kai kan sakatar. Da aka kira assalatu ta yi shiru. Na buɗe da safe, na tarar da rabin goro a kan turmi, ɗanye shar kamar yanzu aka fasa.

Don haka ku ji. Kada wadda ta ba da bayanta ga wanda ba ta ga fuskarsa ba. Kada kuma ku zauna ku kaɗai har ku kai inda kowace murya za ta yi muku daɗi.

*

Daga ɗaki muna jin tarin mahaifiyata. Na ce, "Yaya, amma daga baya kin tuna Gwaggo, ko?"

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin.

"Sauran sunayen sun dawo mini bayan gashi ya tsiro. Ita ba ta dawo ba. An ce ita ta goya ni, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda. Faɗan da muka yi ma a wasiƙar na karanta shi daga baya. Na yarda. Ina yi mata biyayya. Amma a nan," ta taɓa tsakiyar kanta, "babu komai kafin ranar da ta zo ɗaukata. Ba ta sani ba. Wadda ta faɗa mata, ni da ita."

"To ya aka yi ta zo?"

"Ina haɗa kaya na ɗaga akwati, na ga ambulan. Rubutuna ne, da kan sarki a manne. Malama Balaraba, ga unguwa, ga lambar gida. Ban san ko wace ce ba. Ban buɗe ba, don na ji tsoron in na karanta zan fasa. Na juya bayan ambulan na rubuta, ki zo ki ɗauke ni. Na taka mil bakwai a cikin laka zuwa gidan waya, kaina na zugi a ƙarƙashin ɗankwali. Na tsaya gaban akwatin. Wani abu mai sanyi ya shafa ƙeyata, yana laluben abin kamawa. Bai samu ba. Na saki wasiƙar, na ji faɗuwarta a ciki."