Mukullin Oga Elvis

Da safiyar Litinin aka kira Sufeto Badaruddeen wani kamfani a unguwar Gudu. An goge kwamfuta sukutum, irin wadda ba ta da jiki, wadda ke zaune cikin sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin, tana riƙe da takardun ma'aikata.

Shugaban injiniyoyi, Elvis, ya riga ya yanke hukunci. Yana kaɗa mukullin mota ya ce tun Juma'a sabar ta daina karɓar kowa daga nesa, don haka sai wanda ya shiga ɗakinta ne zai iya gogewar. Mashkura, mai kula da sabar, ita kaɗai ke da katin buɗe ɗakin.

"Ka kama ta kawai," ya ce, yana nuna ta da haɓa.

Sufeto ya raina mutumin tun daga takalminsa mai tsini. Ya dubi Mashkura, wadda ta san gidan yarin Kuje ba nisa.

Ya tambaye ta me ake fara dubawa idan haɗi da sabar ya ƙi. Ta ce waya, sai manhajar da ke kula da kwamfutocin, ko tana raye. Suka shiga ɗakin. Waya lafiya, manhaja lafiya lau. Ƙofar cikin manhajar, wadda masu shiga daga nesa ke bi, ita ce aka rufe da gangan.

"Network ne," in ji Elvis daga baya.

"Network ɗin yana da yatsu?" in ji Sufeto.

Mashkura ta buɗe rajistar shiga. Ranar Juma'a ƙarfe biyu, wani ya shigo daga nesa, ya goge kwamfutar. Bayan minti uku ya ba da umarnin rufe ƙofar, ya katse kansa da kansa. Gwanin bai tuna cewa ya yanke hanyar komawa ya share sawunsa ba.

Kowane ma'aikaci mukullinsa na shiga sabar yana ɗauke da sunansa. Wanda aka shigo da shi kuwa an rubuta masa "oga".

Sufeto ya tambayi wa ake kira haka a nan. Duk ofishin ya juya wuri ɗaya.

Elvis ya ce an sace masa mukullin ne, sannan ya zauna. Gobe za a tantance digirin kowa daga takardun da aka goge, nasa kuma a shagon buga kati aka yi shi.

"Mashkura, ki taimake ni..."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta zauna tana buɗe ƙofar da ya rufe.

Sufeto ya ɗaga ankwa. "Bismillah, oga."