Motar da Uwarta Ta Sauka

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Laraba aka bugo waya ofishin 'yan sanda, cewa wata mota ta zube a kwari, a kwana ta uku ta gangaren dutsen da ke bayan Lampang. Sufeto Prayong ya ajiye ƙunshin shinkafarsa mai danƙo ko rabi bai ci ba. Ya kira Saje Wichit, suka kama hanya.

An yi ruwa da sassafe, kwalta na ta tururi. Motar baƙa ce, babba, ta kafa hanci a gindin wata bishiya. Masu ceto sun riga sun fito da direban, sun rufe shi da farin ƙyalle. Bunlert ne, dillalin katako, mutumin da duk garin ya sani, ba kuma don alheri ba.

"Babu alamar birki a titi, Yallaɓai," in ji Saje. "Ko taku ɗaya. Sai ka ce wanda aka kira ya amsa."

"Kai kullum sai ka cusa mana aljanu a rahoto. Buɗe ƙofar."

Saje ya buɗe, ya leƙa, ya ja da baya da sauri.

Wajen motar duk laka ne, amma cikinta sai sheƙi yake. Robar gaban mota, jikin ƙofofi, ledar kujeru, komai na ƙyalli kamar yanzu aka gama shafa masa mai. Sufeto ya durƙusa ya taɓa robar birki, yatsansa ya zame. Ya kama sitiyari, shi ma santsi. A cikin gilashin gaba akwai ɗige-ɗigen mai, irin na wanda ya yi feshi ba tare da lura ba.

"Jiƙaƙƙen takalmi, birki mai santsi, ga gangare," in ji shi. "Ba sai an nemi aljani ba."

"Dubi sama, Yallaɓai."

A garinmu babu mai hankalin da ke hawa mota sai malamin haikali ya ɗiga mata farar ƙasa a rufi, daidai saman kan direba. Sannan a rataya laya da zaren furanni a madubi saboda uwar mota, wadda ke zaune a ciki tana tsare mai ita. Rufin wannan motar tas yake. Madubin ma babu komai.

"Motar nan ba ta da uwa," in ji Saje, murya ƙasa-ƙasa. "Ta sauka."

"Ba sauka ta yi ba, Saje. Goge ta aka yi da tsumma."

Haka ya faɗa, amma bai daɗe da kansa a ciki ba. Ya ji ƙanshin furen yasmin, sabo fil, alhali babu ko ganye ɗaya a motar. Wannan bai shiga rahoto ba.

Rattana, matar mamacin, ta karɓe su a falo, idanunta a bushe.

"Yaushe aka wanke motar?"

"Jiya da rana. Ni na kai ta wurin Goggo Samruai, can bakin gada. Mijinta ya dawo mana da ita da yamma."

"Can ya saba kai ta?"

"Eh. Wato... a'a." Ta gyara zama. "Bai taɓa yarda a kai ta can ba. Gara ya zaga har cikin gari. Jiya ba ya nan, ni kuma na gaji da ganin robar ta yi fari-fari saboda rana, kowa kuma ya ce Goggo ce gwanar wankin cikin mota."

"Da ya ji fa?"

"Kamar zai cinye ni. Yau da safe kuma ya dawo daga gareji yana tambayar ina layarsa. Ya ce in ya sauko daga wurin katako zai je ya ci musu mutunci."

"Me ya haɗa shi da su?"

"Ban sani ba."

"Yaushe aka yi wa motar farar ƙasa?"

"Shekara biyu ke nan. Rana ɗaya kawai ya tashi ya kai ta haikali."

"Lokacin sabuwa ce?"

"Ta shekara huɗu a hannunsa."

Sufeto ya rubuta. Sabuwar mota ake kaiwa haikali, sai ko wadda wani abu ya faru a cikinta. Ruwa ba ya tsami banza.

Wurin wankin rumfar kwano ce mai ɗaukar mota biyu, da ɗan gidan katako a bayanta. Goggo Samruai, wata tsohuwa gajera mai yankakken farin gashi, tana zaune a kan kwandon roba. Ba ta jira an tambaye ta ba.

"Ni ce," in ji ta, ta miƙo hannu biyu. "Ni na shafa mai a birkin. Tsufa ne, na manta. Ku tafi da ni."

Saje ya kai hannu ga ankwa yana murna. Shugaban ofis ya ce a rufe fayil kafin yamma, ga shi fayil ya rufe kansa. Shi kuwa Sufeto lissafi yake: shekarunta sittin da biyu, kuma sakacin da ya ci rai ba tara ake biya ba. In ta shiga gidan yari, da wuya ta fito da ƙafarta.

"Ba gaggawa, Goggo," in ji shi. "Ga motarmu nan. Nuna mini yadda kika yi jiya."

Ta dubi motar 'yan sandan, ta taɓe baki. "Wannan mota ce ko kejin kaji?"

"Ta gwamnati ce, Goggo," in ji Saje.

"Ai na ga alama."

Ta ɗauko bokiti da tsummoki uku da tsohon buroshin haƙori. Ta sa aka tura motar inuwa, ta ce roba mai zafi ba ta shan mai, tabo take yi. Ta share ƙura da busasshen tsumma, ta bi lungu-lungun ramukan iska da buroshi, ta wanke da ruwan sabulu kaɗan. Sannan ta ɗauko kwalbar man roba, fari kamar madara. Ba ta fesa a jikin mota ba. A tsumma ta zuba, ta juya baya ga gilashi.

Tana aiki tana mita. "Ku 'yan zamani sai ƙyalli. Ƙyalli na kashe ido da rana. Roba so take ta sha, ta yi duhu, kada ta tsage. Shi ke nan."

Sufeto kuwa hannunta yake kallo. Ta zo kan sitiyari, hannun ya canza tsumma da kansa, ya ɗauki mai ruwa zalla. Ta sauka kan birki, haka. Da ta kai rufi, inda farar ƙasar motar take, ta haɗa tafukanta ta sunkuyar da kai, ta rufe ɗigon da tafin hagu, ta zagaye shi da tsumma.

Sai da ta gama ta ankara. Ta tsaya da tsumma a hannu.

"Shekara nawa kina wannan aikin?"

"Talatin da ɗaya."

"Bakinki ya iya ƙarya, Goggo, amma hannunki bai koya ba." Ya ɗaga kwalbarta ya shinshina. "Wannan ba ya santsi. Abin da ke cikin waccan motar man taya ne, kuma feshinsa aka yi. Wa ke yin tayoyi a nan?"

"Na ce maka ni ce!"

"Wa ke yin tayoyi?"

Wani dogon tsoho ya fito daga bayan rumfa, sanye da takalmin ruwa, tiyo a hannunsa.

"Ni ne, Yallaɓai. Tongdi. Ni ke wanke waje, ita ke wanke ciki."

"Kai ka mai da motar jiya?"

"Ni ne. Na ajiye ta a garejinsu, na ba mai aiki makulli, na dawo a ƙafa."

"Layar na nan lokacin?"

"Tana nan tana lilo."

"Farar ƙasar fa?"

"Wa zai taɓa ta? Ai sai wanda ya gaji da duniya."

Sufeto ya gyaɗa kai. Sai ƙanshin nan ya sake dukan hancinsa, kuma a wannan karon yana da inda yake fitowa. Daga ƙofar ɗan gidan ne.

"Kawu, a ba ni ruwa in sha mana. A ciki."

Ɗakin na da duhu ko da rana tsaka. A bango, sama da tsawon mutum, akwai ɗan katakon da ake ajiye abubuwan girmamawa. Hoton wata matashiya ce a kai, tana dariya, ɗan kunne mai jan dutse a kunnenta. Kusa da hoton an shimfiɗa sabon farin ƙyalle. A kansa ga laya cikin gidan zinare, an naɗe ta da zaren yasmin ɗanye, an ajiye mata kwalbar jan lemo da tsinken sha, turare na ci a gefe.

Saje ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga.

Sufeto ya juya layar da bakin biro. An zana sunan Bunlert a bayanta.

"Kogi na bayan gidanka, Kawu. Me ya hana ka jefa ta?"

Tongdi ya dube shi kamar ya yi saɓo. "In jefa ta a ruwa? Uwar mota? Ita me ta yi mini?"

"Rufe bakinka, tsoho!" in ji Samruai daga baya.

"Ya isa, uwar Lamduan." Ya zauna a ƙasa, ya cire takalmin ruwansa ɗaya bayan ɗaya. "Waccan da ke hoton 'yarmu ce, Lamduan. Shekara biyu da ta wuce ta fita kai wa mutane abinci a keke. Bayan kwana uku aka tsince ta a magudanar wata gonar rake, nesa da hanyarta. Likita ya ce mota ce ta buge ta, kuma ba nan take ta cika ba. Mun zo ofishinku sau goma sha ɗaya. Aka ce ba shaida."

Sufeto ya tuna fayil ɗin. Ba nasa ba ne, amma ya sha wuce shi a kan kanta, kunya ta kama shi.

"Nuna masa," in ji Tongdi.

Samruai ta kwance bakin zanenta. Ɗan kunne ne guda ɗaya, mai jan dutse.

"A tsagin kujerar bayan motar Bunlert," in ji ta. "Inda leda ta haɗu da roba. Masu wankin cikin gari ba sa kai buroshi can. Ni nake kaiwa. Ni na saya mata shi." Ta haɗiye kuka. "Ɗaukar ta ya yi da ranta, Yallaɓai. Asibiti na hannun dama, ya yi hagu."

"Me ya sa ba ku kawo mini ba?"

"Sau na goma sha biyu?" in ji Tongdi. "Mutum mai katako da lauya? Na karɓi makulli na ce mata zan mai da mota. Na tsaya a ƙarƙashin gada. Na fesa man a birki da sitiyari, na bi sauran robar don kada wuri ɗaya ya yi dabam. Sai na ɗaga kai na ga farar ƙasar nan. Na ce, muddin uwar mota tana ciki, ba abin da zai same shi. Shekara biyu tana tsare shi. Na durƙusa na roƙe ta. Na ce, Uwa, kin ga abin da aka yi a kujerar bayanki, ki sauko ki zo gidana, zan ciyar da ke. Na goge, na kwance layar."

"Ta amsa maka?" Saje ne ya tambaya, bai san maganar ta fita ba.

"Gilashi a rufe yake, babu iska. Layar ta juyo ta fuskance ni."

Sufeto ya ji gashin wuyansa ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Ka san zai mutu?"

"Na san gangaren. Na kuma ga hadari a gabas."

"Tashi, Kawu. Na kama ka da laifin kisan Bunlert."

Tongdi ya miƙa hannu, Saje ya sa masa ankwa a hankali. Tsohon ya juya wurin matarsa. "Ki riƙa canza wa uwar mota furanni kullum. Alkawari na yi."

Sufeto ya buɗe 'yar ledar shaida a gaban Samruai. "Ɗan kunnen, Goggo. Zan buɗe fayil ɗin Lamduan yau, a rubuta sunan wanda ya yi."

Ta saka shi a ciki da kanta. Ta bi su har bakin rumfa, ta tsaya tana kallo ana sunkuyar da kan mijinta ana shigar da shi bayan mota.

"Kin kuɓuta, Goggo," in ji Sufeto. "Ba abin da doka ke nema a wurinki."

"Wa ya roƙe ka?" in ji ta. "Na ba ka mai laifi, tsohuwa, wadda ta riga ta gama. Ka ƙi. Yanzu ka bar ni a gida ni kaɗai."

Sufeto ya juya ya nufi mota. Ya shiga ya rufe ƙofa, Saje ya ta da mota.