Murucin Dijatu

A zamanin da Turawa suka fara gina bariki a Sakkwato, giginyar Dundaye ta ga ta kanta, don kowane gini azara yake ci. Aka ɗauki Siddiƙu, saurayi ɗan Ƙofar Kware, aikin gadin gandun dajin. A can ya fara ganin Dijatu tana tonon murucin da ta shuka, ya tsaya har ya manta da sallama.

"Malam, muruci kaka so ko kallo?" ta tambaya.

"Duka biyun, Dije."

Tun daga ranar ya zama mai son muruci, shi da ko ɗanɗana shi bai taɓa yi ba.

Ashe mahaifinta Bawa sana'arsa saran azara. Wata safiya Siddiƙu ya tarar da shi da gatari a gindin giginya, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wagga cikin gandu take. Saura tara kaɗai."

Bawa ya fusata. "Kai inuwar giginya na, Bature ka shan sanyinka. Ba ni ba ka ɗiyata!"

Siddiƙu ya yi baƙin ciki, amma bai janye ba. Ya aika mata takardar ajami: "Dijena, ina sonki har raina. Amma in na bari aka sare su, da mi za a rufe ɗakin ɗiyanmu?"

Dijatu ba ta ba da amsa ba, har ya zaci ta guje shi. Ita kuwa murucinta ta ƙi tonowa, wanda da kuɗinsa za ta yi kayan ɗaki. Bayan damina murucin ya fid da ganyen giginya, ya huda ƙasa. Ta kai mahaifinta wurin.

"Baba, kaka ya bar maka kurmi. Mi za ka bar muna?"

Bawa ya daɗe yana duban 'yan tsiron. Can ya ce, "A kira min yaron nan mai taurin kai."

Aka ɗaura aure, amarya ta tare da tabarma da ƙorai biyu, Bawa na sa albarka har da hawaye.

Shekara hamsin bayan haka, Siddiƙu ya riga mu gidan gaskiya, jikarsu za ta yi aure. Dijatu ta dafa wata doguwar giginya cikin waɗanda ta ƙi tonowa, ta ce, "Ku sari wagga ku rufe mata ɗaki. Alkawarin kakanta na." Kafin a ɗaga gatari ta binne ƙwallon giginya goma.