Hannun da Ke Kan Shafi

A kasuwar Rusairis Yalwa ta fara ganinsa, ranar da ta kai wa wani mai kanti humra da dilkar da mahaifiyarta Inna Dije ke haɗawa. Yana tsugune yana ɗaukar hoton buhunan karkade, wato zoɓo, da waya, siriri, da ƙaton gilashi.

"Wannan ƙamshin na sayarwa ne, ko na rikita masu aiki?" ya tambaya.

Ta harare shi, amma murmushi ya tona mata asiri. Sunansa Izzuddeen, ya karanci kwamfuta a Wad Madani, yana buɗe wa 'yan kasuwa shafin intanet. Kafin rakasha mai ƙafa uku ta mayar da ita ƙauye ya yi alkawarin yi wa kayan Inna nasu shafin, ya kuma karɓi lambarta, wai don aiki.

Aikin dai ya yi, soyayya ma ta yi. Sai dai shafin ya ƙi kawo ciniki.

"Ya ruhi," ya rubuto mata, "matan Khartoum suna shiga suna fita. Mun jera kwalabe da dogon bayani, shabakar intanet kuma ba ƙarfi. Zan rage komai: hoto guda mai kama ido, farashi, da koren madanni na kira. Samo mini hannun matar aure da lallen Inna ya kama sosai."

Yayarta Hauwa ta ƙi, ta ce mijinta ba zai yarda ba. A wajensu kuwa, baƙin lalle har bakin yatsu na matan aure ne, budurwa ba ta kusantarsa. Amma Baba yana gonar riɗi can wajen Dinder, Yalwa kuma tana ganin yadda kayan Inna ke tsufa a kwali. Ta kulle ɗaki ta zana wa kanta, ta ɗauki hoto, ta tura.

"Hannun Hauwa ne," ta rubuta.

Wayar Inna ta fara ruri ba dare ba rana. Har daga Jidda mata ke kira. Inna, wadda ta gano abin da aka yi, ta yi faɗa ta gaji, ta sa ta yawo da hannu cikin mayafi. Abin da Yalwa ta manta shi ne tabon ƙunar da kaskon kisra, wainar dawarsu, ya bar mata a wuyan hannu. Mahmud bai manta ba. Ɗan baffanta ne, ya daɗe yana nemanta tana zillewa. Sai da ya zagaya da hoton teburan masu shayi da ƙofar masallaci, sannan ya tari Baba da shi ranar da ya dawo.

Baba, Malam Abdulmuttalib, ya shigo gida ko takalmi bai cire ba.

"Yalwa! Miƙo hannunki."

Zanen ya goge, amma ja na nan a rabin farce.

"Wa ya ɗaura miki aure ban sani ba? Gari duka na faɗin ɗiyata ta yi aure a ɓoye da mai kwamfuta! Khalas, wanga yaro kada ya sake taka ƙofata. Mahmud ya ce zai rufa miki asiri, na kuwa ba shi ke."

Kafin a karɓe wayarta ta samu ta tura saƙo: "Habibi, ƙarya na yi maka, hannuna ne. Baba ya ba da ni ga Mahmud. Ka yafe mini."

Ba ta ga amsa ba. Ta wuni kuka, ta tabbata ya tsane ta, kuma a ganinta yana da gaskiya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta ji sallamarsa a zaure, shi da kawunsa Malam Yakubu. Ta laɓe bayan katanga.

"Ya Haj, laifina ne," in ji Izzuddeen. "Ni na nemi hoto, ban bincika ba. Da jin labari na cire shi."

"Ka san hannunta ne?" Baba ya tambaya.

In Izzuddeen ya ce bai sani ba, ya tona ƙaryarta. Yalwa ta kasa jurewa, ta fito.

"Baba, bai sani ba. Ni na ce masa na Hauwa ne."

Baba ya dube ta, ya dubi saurayin da ya sunkuyar da kai.

"Nuna mini abin nan da ake ta magana."

Izzuddeen ya miƙa masa waya. Hoton Inna Dije ne yanzu, hannuwanta kawai, masu tamoji, suna murza dilka a akushi. Baba bai taɓa shiga intanet ba, amma ya ga koren abu ya danna. Can cikin gida wayar Inna ta ɗau kuka.

"Alo? Wa ke magana?"

"Mijinki ne, Dije."

"To mi kake so, humra ko dilka?"

Malam Yakubu ya fashe da dariya. Malam Abdulmuttalib bai yi ba. Ya daɗe yana juya wayar, Yalwa na jiran hukunci.

"Mahmud jinina ne," ya ce a hankali. "Ya ga aibin ɗiyata, ya kai shi kasuwa kafin ya kawo mini. Kai bare, ka zo ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Yakubu, ku turo manyanku."

Bayan girbi aka ɗaura aure, mutane suka taru daga Dinder har Wad Madani. Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta.

"Na kusa ba da ke don tsoron bakin mutane. Ki yafe wa tsohonki, Yalwa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Ta kifa fuska a kafaɗarsa tana kuka, mata na amsawa da amin.