Tambaya Ɗaya a Kowane Saƙo

A ɗakin manyan kwamfutocin kamfani, waɗanda ake kira saba, suka fara haɗuwa, inda sanyin na'ura ke ƙage yatsu. Ita ce mai kula da hanyoyin sadarwa, kowa Injiniya yake ce mata. Shi kuwa Dogo, sabon mai rubuta manhaja, ƙara ya kawo: manhajarsa na tambayar adireshin shafuka, saba na koro ta.

Ta buɗe saƙon da manhajar ke turawa.

"Ka ga wannan gurbin a goshin saƙo? Shi ke faɗin tambaya nawa ke ciki. Biyu ka sa."

"Don a rage zirga-zirga. Ai gurbin na ɗaukar dubbai."

"Yana ɗauka. Amma gurbin sakamako ɗaya ne tak. In an samu suna ɗaya, ɗayan babu, me saba za ta ce maka? Mayar da shi ɗaya, Malam Gaggawa."

Ya mayar, manhaja ta tashi. Daga ranar bai ƙara rasa dalilin shiga ɗakin sanyi ba.

Da maganar aurensu ta kai gida, mahaifinta ya ƙi. Kafinta ne, kuma akwai ɗan amininsa mai shagon tayil da ya riga ya kwanta masa a rai.

"Aikin da ba a taɓa shi da hannu," in ji shi, "shi zai riƙe iyali?"

Ana cikin haka kamfani ya yi wa Dogo tayin komawa wani reshe mai nisa. Ya rubuta mata:

"Injiniyata, Baba ya sauko? Har yanzu kina tare da ni?"

Tana durƙushe cikin wayoyi, layi ya katse, ta amsa a gurguje: "A'a wallahi."

Dogo ya karɓi tayin. Ya daina shiga ɗakin sanyi. A bakin abokan aiki ta ji yana haɗa kaya. Ta je teburinsa, ta ajiye masa wayarta, saƙonsa a buɗe.

"Tambaya nawa ke nan?"

"Biyu."

"Amsa nawa na ba ka?"

Ya daɗe yana kallon wayar. "Ɗaya."

"To wa ya ce maka ta biyun na amsa? Kai dai ba ka jin karatu."

Tana tsaye a kansa ya ɗauki tasa wayar ya rubuta: "Za ki aure ni?"

"Eh, Malam Gaggawa. Sauran aikin yana shagon Baba."

Ya fasa tafiya. Duk ranar hutu yana shagon, yana riƙe katako, yana goge shi a karkace. Tsohon bai cika kula shi ba. Wata rana dai ya ce wa matarsa, "Hannunsa bai iya komai ba, amma ba ya gudu."

Aka ɗaura aure. Teburin cin abincinsu Baba ne ya ƙera, ƙafa ɗaya kuwa ango ne ya goge ta, kuma ana ganewa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," in ji tsohon. "Waccan ƙafar, a juya ta wajen bango."